A bakin kabari babu majigi

Watan jiya muka je ƙauye biso. Wata tsohuwa ce ta rasu, ƙawar mahaifiyata, wadda tun ina yaro na san ta da buga tulu a Zumuntar Mata. Aka gama sujada a majami'a, samari suka ɗauki akwatin, muka bi su a ƙasa har bayan gari.

Da aka zo saukar da ita, fasto ya kira lamba daga Littafin Waƙoƙi. Tun bai rufe baki ba tsofaffi suka kama. Babu wanda ya buɗe littafi, don babu wanda ya zo da shi. Aya ta fari, ta biyu, har ta huɗu, duk da ka. Wata gyatuma da ke tsaye kusa da ni haƙoran bakinta ba su fi biyar ba, amma ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba.

Sai na waiwaya wajen samarin. Sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. A cikinsu har da ɗan ƙanwata, wanda shi ke kan kibod a majami'armu ta birni kowace Lahadi, yaron da in ya ji waƙa sau ɗaya a waya zai kaɗa maka ita kafin ka gama shan shayi. Leɓɓansa na motsi, amma babu abin da ke fita. In an zo korus sai su ɗan yi gunaguni tare da mu, in an koma aya su sake yin tsit.

A hanyar komawa na tambaye shi. Ya ce, "Kawu, muryar na san ta. Kalmomin ne ban riƙe ba. Ai a coci majigi ke nuna mana."

Tun ranar maganar take ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, ikilisiyar da ta bar waƙa a hannun mutum bakwai masu makirfo ta yi asara, ko da kiɗansu ya fi na gidan rediyo daɗi. Waƙar sujada ta taron jama'a ce, kuma lokaci ya yi da za a mayar musu da abinsu. Littafin Waƙoƙi ya koma hannun mutane, a rera Zabura, a sassauta lasifika har mutum ya iya jin muryar na kusa da shi. Ban ce a kori jita ko ganga ba, kada wani ya ɗora mini wannan.

Saboda lokaci, aya ta fari da ta ƙarshe

Duk mai zuwa sujadar Hausa a Jos ko Kaduna ko Gombe ya san wannan jimlar. Ana iya yin rabin awa ana abin da yanzu ake kira yabo da sujada, layi biyu ana juya su har sau ashirin, mai ja gaba yana ta cewa a ɗaga hannu, a yi ihu, a taɓa maƙwabci a gaya masa kaza. Sai a zo kan waƙar littafi, nan take mai jagorar sujada ya tuna da agogo. Saboda lokaci, in ji shi, aya ta fari da ta ƙarshe kawai za mu ɗauka.

To ai ayoyin tsakiyar nan su ke ɗauke da maganar. Ta fari gaisuwa ce, ta ƙarshe sallama. Labarin zunubi da gicciye da tashi daga matattu yawanci a tsakiya yake. Kamar a aiko maka da wasiƙa ne ka karanta "bayan gaisuwa mai yawa", ka tsallaka zuwa "ni ne naka", ka naɗe ka ce ka ji saƙo.

Lahadi mai zuwa ka yi wani gwaji. Ana cikin yabon nan ka yi shiru ka kasa kunne, ka kuma dubi bakunan mutane. Za ka ga tafi, za ka ga rawa, amma muryar da kake ji ta lasifika ce. Yarinyar da ke ja ta ɗauki murya can sama inda ita kaɗai ke iya kaiwa. Maza sun haƙura tun tuni, sun sa hannu a aljihu. Rabin waƙoƙin da Turanci, a cikin sujadar da aka ce ta Hausa ce, iyayenmu mata suna ta tafi ba su san ko me ake faɗa ba.

Manzo Bulus ya yi maganar waƙa a wurare biyu, a Afisawa 5:19 da Kolosiyawa 3:16, kuma a duka biyun ya ambaci zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhaniya. Kalmar da ta fi tsaya mini a ayoyin nan ita ce "juna". Masu bi su yi magana da juna, su koya wa juna, su gargaɗi juna. Yaya zan koya wa na kusa da ni wani abu da waƙa alhali ni kaina ba na jin abin da ke fita daga bakina?

"Ai waƙoƙin Turawa ne"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta, ba zan ɓoye ba. Yawancin abin da ke cikin littafin fassara ce daga waƙoƙin Ingila da Amurka. Mishan ne suka kawo su: SIM da ta faro a 1893, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, da SUM da ta sauka Wase a 1904, da 'yan CMS irin su Dokta Miller a Zariya da Wusasa, da mishan ɗin 'Yan'uwa da suka kafa sansani a Garkida a 1923. Abin da suka saba rerawa a gida shi suka juya zuwa Hausa.

Kuma ba kullum juyin ya zauna daidai ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama daban, gari na tuwo daban. Wuyan da ke riƙe kai daban, wuyar sha'ani daban. Waƙar Bature kuwa an gina ta ne a kan inda ake danna murya, ba ruwanta da wannan. Shi ya sa za ka ji an ja gajeren wasali har numfashi ya ƙare, ko a haɗiye dogo, ko murya ta hau inda kalmar ke son sauka. Bahaushen da bai taso a majami'a ba in ya tsaya a taga yana saurare, wani lokaci sai ya yi da gaske kafin ya gane Hausa ake yi.

Hotunan da ke ciki ma wasu na wata duniya ne. Mu da muka yi Boys' Brigade mun yi shekaru muna yawo da hoton anga, ƙarfen tsayar da jirgin ruwa, a hula da ɗamara, alhali babban ruwan da yawancinmu muka taɓa gani shi ne rafin bayan gari da damina.

Duk na yarda. Amma masara ma baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta zo, haka rogo da tumatir. Ban taɓa jin wanda ya ture tuwon masara ya ce abincin baƙi ne ba. Abin da kakanninmu suka rera a ranar baftismarsu, iyayenmu suka rera a ranar aurensu, muka rera a kan kaburburansu, ya daɗe da zama ɗan gida.

Akwai kuma wani aiki da littafin nan ya yi wanda ba a cika lura da shi ba. Yawancin masu sujada da Hausa ba Hausawa ba ne. Birom ne da Angas da Tangale da Bura da Margi da Bajju da Atyap da Gbagyi da Sayawa, ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa na Kano da Katsina da Zariya, har zuwa ƙetaren iyaka a Nijar inda SIM ta yi aiki a Damagaram da Tsibiri da Galmi. Soja ɗan Biliri in aka kai shi aiki Kontagora, ranar Lahadin farko bai san kowa ba, bai san yaren kowa ba, amma da an kira lamba ya zama ɗan gari. Da wane abu za mu maye gurbin wannan?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, mai ce mini waƙoƙin Turawa ne, in ya hau dandamali abin da yake rera mana shi ne wanda ya kwaso a YouTube daren Asabar, daga majami'un Amurka da Ostareliya, ko fassarawa bai yi ba. Mishan ɗin da yake zargi sun fi shi ƙoƙari, ko ba komai sun zauna sun koyi Hausa.

Inda Hausar waƙa ta karkace, a gyara ta. Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito cikakke a 1932, kuma tun daga lokacin an sake zama a kansa an sabunta fassarar, sama ba ta faɗo ba. Muna da malaman Hausa a cikin ikilisiya, muna da makarantun tauhidi a Bukuru da Jos da Kagoro. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo jinka yake nema, ba ashana ba.

"Matasa za su gudu"

Wannan tsoron fastoci ne, kuma na fahimce su. A tsallaken titi akwai sabuwar majami'a mai fitilu masu launi da kiɗa kamar gidan biki. Fasto yana ƙirga kujerun da babu kowa a kai, yana kuma tunanin baiko, wato kuɗin da ake tarawa a sujada.

Amma gasar ƙara ba ta da ƙarshe. In ka sayi lasifika huɗu, na tsallaken titi zai sayi takwas. Waɗanda ke shan wahala su ne jarirai da tsofaffi da maƙwabta, waɗanda ba a tambaye su ba kafin a mayar da su 'yan sujadar dole.

Batun cewa yaran yanzu ba za su iya riƙe doguwar waƙa ba kuwa, ban karɓa ba sam. Yaran nan sun haddace waƙoƙin fina-finai baiti bayan baiti. Sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila har da na masu zaman benci. Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi: ga masu rera Ishiriniya da ka, ga makafi da ke bin kasuwa da Imfiraji ta Aliyu Namangi, baitoci rututu, babu takarda a hannu. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa masu hadda ba. Yaro yana riƙe abin da aka yi ta zuba masa a kunne ne.

Nan ne laifin ya dawo kanmu, mu manya. Mu da asuba ake tashinmu addu'ar iyali, a yi waƙa ɗaya kafin a buɗe Littafi, muna gyangyaɗi muna bi. Haka suka shiga ba mu sani ba. A gidana yau, in faɗi gaskiya, sai mu yi mako ba mu yi ba. Kowa na sauri, kowa da wayarsa. Ɗan ƙanwata bai ƙi waƙoƙin nan ba. Ba a ba shi su ba ne.

Wani laifin namu kuma shi ne yadda muka riƙa rera su. Waƙar da aka rubuta don murnar tashin Almasihu sai mu ja ta kamar ana jan akuya zuwa kasuwa, kowa ya sunkuyar da kai, dattijo ɗaya ya riga kowa, wani yana biye da layi guda a baya. In yaro ya ce waƙar littafi na sa shi barci, ba ƙarya ya yi ba. Na ji mawaƙan wata ƙaramar majami'a sun ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin nan da muryoyi huɗu, da saurinta na ainihi, da ganga a ƙarƙashi, sai da tsigar jikina ta tashi. Waƙar ba ta tsufa ba, mu ne muka gaji.

"Kowane sabon abu haka aka yi masa"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma masu karatu ne ke kawo ta. Suna cewa abin da nake kira tsohuwar waƙa ai shi ma sabo ne a zamaninsa, kuma an yi masa irin ƙorafin da nake yi yau.

Haka ne. A Janeba ta zamanin Kalvin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya, kusan Zabura kaɗai ake rerawa, babu kayan kiɗa. Da Isaac Watts, marubucin waƙoƙin sujada na Ingila, ya fitar da littafin waƙoƙinsa a 1707, akwai majami'un da suka ƙi su, suka ce kalmomin ɗan'adam ne ba na Allah ba. A Sikotland sai cikin ƙarni na 19 majami'u da yawa suka yarda da kayan kiɗa a sujada. A nan gida ma mishan da dama sun hana ganga shiga majami'a, suna ganin kayan tsafi ce. Iyayenmu mata na Zumuntar Mata, da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai da suka bazu tun shekarun 1960, su ne suka buɗe ƙofar da tulu da kacau-kacau da kuge, da waƙoƙin da aka haifa cikin Hausa, muryarsu na tafiya tare da maganar. Na tabbata a lokacin akwai wani dattijo mai ɗaure fuska kamar ni da ya ce an lalata sujada.

Don haka ina taka-tsantsan. Amma a duba inda duk waɗancan sauye-sauyen suka nufa. Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya sa an buga waƙoƙi da Jamusanci tun 1524 domin manomi da matarsa su buɗe baki, maimakon su tsaya suna kallon masu Latin. Watts ya yi rubutu da Turanci mai sauƙi domin talaka ya gane abin da yake rerawa. Zumuntar Mata ta kawo amshi domin wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta samu nata rabon. Kowannensu ya ɗauko waƙa daga hannun 'yan kaɗan ya miƙa wa jama'a. Abin da nake gani yau ya juya baya ne, ana karɓe ta daga jama'a ana mayar wa 'yan kaɗan. Sabunta ba ta dame ni ba, alƙiblar ce ta dame ni.

Sai kuma batun tankaɗe. Charles Wesley na Ingila ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000. Nawa ake rerawa yau? 'Yan kaɗan. Sauran sun bi iska, kuma haka ya kamata. Littafin waƙa rariya ce, abin da ya rage a ciki ya wuce ta hannun tsara bayan tsara. Waƙar da ta fito watan jiya ba ta riga ta shiga rariya ba. Wata za ta tsira, jikokinmu su rera ta. Yawanci ba za su kai baɗi ba. Shi ya sa bai dace abincin ikilisiya gaba ɗaya ya zama daga abin da ba a tankaɗe ba.

Kuma wa ke duba kalmomin? Ba ma barin kowa ya hau bagadi ya yi wa'azi sai dattawa sun san shi sun san koyarwarsa. Amma waƙa, wadda ita ce mutane ke tafiya da ita gida, suna wanke-wanke suna yi, suna tuƙa babur suna yi, kowa na iya kawo tasa. Wa'azin Lahadi kafin Talata an manta rabinsa. Waƙa na nan har tsufa. Na ji wadda daga farko har ƙarshe maganar maƙiyana ce da yadda za su ga bayansu. Na ji wadda duk abin da ke cikinta mota ce da gida da ƙarin girma a wurin aiki. In aka cire sunan Yesu daga wata aka sa na ɗan takara, za ta yi aiki a filin kamfen ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba.

Ina waƙar mai kuka?

A nan ne abin ya fi yi mini zafi.

Mu mutane ne da suka sha binne 'yan'uwansu. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma a watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi. Ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna da Binuwai sun san kabarin da ake zuba mutane da yawa a rami ɗaya. Wanda ya gudu cikin dare ba ya ɗaukar janareta, ba ya ɗaukar majigi, sau da yawa ko Littafi ba ya samun ɗauka. Abin da ke cikin kansa shi ne guzurinsa.

Yanzu ka ɗauki matar da ta binne ɗanta ranar Alhamis. Ta daure ta zo sujada ranar Lahadi. Me muke ba ta? Mai makirfo ya ce duk wanda ya san Allah ya yi masa alheri ya tashi ya taka rawa, wanda ya zauna kuwa bai gode ba. Sai ta tashi don kunya, ko ta zauna a yi ta kallonta. A cikin awa uku babu waƙa ɗaya da ta faɗi abin da ke zuciyarta.

Alhali kuwa littafin waƙar da Allah ya ba mu cike yake da irin nata. Zabura 150 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara. Ta 13 tana tambayar Allah har yaushe, sau huɗu a jere. Ta 42 mai ita ya ce hawayensa ne abincinsa dare da rana. Ta 137 waƙar 'yan gudun hijira ce a bakin kogunan Babila, waɗanda aka ce su yi waƙa suka rataye molayensu. Ta 88 ko juyowa zuwa ga murna ba ta yi ba, cikin duhu ta ƙare, kuma aka bar ta haka a cikin Littafi. Yesu da kansa a kan gicciye da farkon Zabura ta 22 ya yi kuka. In shi bai ji kunyar faɗa ba, don me muke hana gwauruwa?

'Yan'uwanmu Katolika suna da Zabura mai amshi a kowace Mas, Angilika ma ba su yar da al'adar ba. Mu da muke bugun ƙirji cewa mu mutanen Littafi ne, mu ne muka mayar da Zabura abin karantawa kafin sanarwa.

Wani zai ce ai tsofaffin ƙauye ba su iya karatu ba, me littafi zai yi musu? Gyatumar da na ba da labarinta ba ta san ko harafi ɗaya ba, da kunne ta ɗauka. Ban da haka, Zabura ta fi kowace waƙar Bature dacewa da bakinmu. Dubi ta 136: ayoyi 26, kowace da amshi iri ɗaya, cewa ƙaunarsa madawwamiya ce. Ɗaya ya ba da waƙa, taro ya amsa. Haka matanmu ke yi a wurin daka, haka 'yan mata ke yi a dandali, haka ake yi a gayya. Ba ma bukatar kowa ya zo daga waje ya koya mana wannan. A ba shugabar waƙa ta Zumuntar Mata Zabura ta 13 a ce ta sa mata murya, in mako biyu ya cika ba ta kawo abin da zai sa majami'a hawaye ba, a zo a tuhume ni.

Masu kiɗa kan kare kansu da Zabura ta 150, wadda ta ce a yabi Allah da ƙaho da molo da garaya da ganga da sarewa da kuge masu ƙara. Madalla, ni ma ina son ta. Amma su karanta har ƙarshe. Aya ta ƙarshe ta ce duk mai numfashi ya yabi Ubangiji. Kibod ba ya numfashi. Aikinsa ya tallafi masu numfashin, kamar yadda mai kalangu ke bin mawaƙi ba ya danne shi. Bulus da Sila a kurkukun Filibi da tsakar dare, ƙafafunsu a turu, da me suka yi waƙar da sauran fursunoni suka kasa kunne suna ji?

Abin da na kai wa dattawa

Ban tsaya a gunaguni ba. Da muka dawo na nemi a ba ni dama a taron dattawan ikilisiya, na roƙi abubuwa kaɗan. A rera waƙar littafi biyu kowace Lahadi, da dukan ayoyinsu. A aya ɗaya masu kiɗa su dakata da kiɗa gaba ɗaya, jama'a su ji muryar kansu. Makarantar Lahadi ta ɗauki waƙa ɗaya kowane wata har yara su riƙe ta da ka, wanda a shekara goma ya zama waƙa 120 a kan yaro. Sabuwar waƙa kuma, ta Hausa ko ta Turanci, fasto ya ga kalmominta a rubuce kafin ta hau dandamali. Na kuma ce kuɗin da aka ware don ƙaro lasifika a sayi littattafai da shi a zuba a kan kujerun majami'a.

Wani dattijo ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce, amma zamani ya canza." Wani ya ce ai akwai littafin a waya yanzu, kowa na iya saukewa. Na ce to, ranar biso nawa ne cikin samarin suka ciro waya suka buɗe shi? Shugaban matasa, wanda na zaci shi zai fi kowa ja da ni, shi ne ya ce in za a koya musu suna so, don shi ma ya ji kunya a bakin kabarin nan. Ya dai roƙi a bar su su sa musu ganga, na ce su sa har biyu.

Batun lasifika bai wuce ba, an riga an ba da kuɗin kafin alƙalami. Sauran aka ce a gwada na wata uku.

Lahadin farko na zo da wuri da tsohon littafin mahaifiyata, wanda bangonsa ya rabu aka ɗinke da zaren buhu. Yabo ya ci rabin awarsa. Sanarwa ta ci minti arba'in, don akwai ƙaddamar da kalandar Zumuntar Maza. Da aka zo kan waƙar, mai jagorar sujada ya kira lamba, ya dubi agogon bango, ya dube ni inda nake zaune a layi na uku, ya yi ɗan tari. Ya ce saboda lokaci za mu ɗauki aya ta fari, da ta biyu, da ta ƙarshe.